MAI NUNA HANYA ZUWA KAYAN WANI, MENE NE HUKUNCINSA? DARASI A KAN GOOGLE, YOUTUBE DA HAƘƘIN MALLAKA

 

Darasinmu na yau a kan wata mas'ala ce da kusan duk mai riƙe da waya ya faɗa cikinta, ko ya sani ko bai sani ba. Mutum ya wahala ya rubuta littafi, ko ya kashe kuɗi ya shirya wani aiki, sai wani ya kwafe ya ɗora a intanet ba da izininsa ba. Kai kuma ka shiga Google, wanda muke yi wa kirari da matambayi ba ya ɓata, ka rubuta sunan littafin, ya kai ka har ƙofar wanda ya kwafe. To tambaya a nan: shi wannan da ya nuna maka hanya yana da kaso a laifin, ko ba ruwansa?

Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce da kamfanoninsu. Ma'aunin da za mu auna Google da shi, shi ne za a auna mai shagon tura-tura na bakin tasha da shi, shi ne kuma za a auna shugaban zauren WhatsApp da shi. Saboda haka a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

MAS'ALA TA FARKO: SHIN AKWAI WANI ABU WAI SHI HAƘƘIN MALLAKA A SHARI'A?

Dole mu fara daga nan, don idan babu haƙƙi, babu zancen an keta shi.

Malaman farko ba su yi babi na musamman a kan wannan ba, saboda a zamaninsu kwafe littafi da hannu ake yi. Wanda zai kwafi Muwaɗɗa sai ya sayi takarda da tawada ya zauna wata da watanni, wahalarsa ta kusa kamo ta mai littafin. Da injin ɗab'i ya zo, daga baya kuma kwamfuta ta zo, sai kwafi ya zama ba ya cin komai. Nan ne mas'alar ta zama sabuwa, malamai suka zauna a kanta.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi zamanta na biyar a Kuwait a watan Disamba na 1988, wato shekarar 1409 bayan Hijira. Matsayar da ta fitar mai lamba 43 ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci, da tambarin kaya, da talifi, da ƙirƙira, duk haƙƙoƙi ne na masu su, sun zama dukiya a al'adar mutanen yau, Shari'a tana kare su, bai halatta a yi musu ta'addanci ba. Shaikh Bakr Abu Zaid ya yi dogon bincike a kai a cikin Fiƙhun Nawazil, haka Dakta Fathi Ad-Duraini ya ware wa mas'alar littafi guda.

Amanar ilimi ce a faɗa cewa akwai waɗanda suka saɓa. Mufti Muhammad Shafi'i na Pakistan yana cikin waɗanda suka ga bai halatta a sayar da irin wannan haƙƙi ba, sai ga ɗansa Mufti Taƙi Usmani ya rinjayar da halacci. Hujjar masu hanawa ita ce tsoron ɓoye ilimi, da hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, mai yin gargaɗi da linzamin wuta ga wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye.

Amsar jumhur ita ce, wanda ya buga littafi ya kai kasuwa ai bayyana ilimi ya yi, bai ɓoye ba. Bai hana ka karanta ba, bai hana ka karantar da shi a zaure ba, bai hana ka ara wa maƙwabcinka ba. Abin da ya hana shi ne ka maida guminsa hajarka. Kuma hadisin Ibn Abbas a Bukhari ya nuna halaccin karɓar lada a kan Littafin Allah ma kansa, balle sharhin nahawu ko littafin lissafi na 'yan firamare. Suratun Nisa'i aya ta 29 ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta ɗora halaccin ciniki a kan yarda. Abin da zuciya ta fi natsuwa da shi kenan.

Sai dai a kula: wannan ba sata ba ce irin wadda ake yanke hannu a kanta, don sharuɗɗan haddi ba su cika ba. Ta'addanci ne a kan haƙƙin wani, hukuncinsa biyan abin da aka jawo na asara, da ladabtarwar da hukuma ta ga ta dace, da zunubi tsakanin bawa da Ubangijinsa.

Akwai kuma wani ɓangare da babu saɓani a kansa, shi ne jingina magana ga mai ita. Wannan gadonmu ne tun kafin Turawa su san shi. Isnadi kenan, ijaza kenan. Imamu Suyuɗi har risala ya rubuta a kan bambanci tsakanin mawallafi da ɓarawon talifi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusuk don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Saboda haka mai kwafe rubutun wani a Facebook ya goge sunansa ya sa nasa, ko da bai ci ko sisi ba, ya ci amana.

MAS'ALA TA BIYU: ƁARNAR DA AKE MAGANA A KANTA, A INA TAKE?

Ba nesa take ba. Waɗanda suka san Kano shekaru ashirin baya sun san yadda kasuwar kaset da faifai take a Ƙofar Wambai da Bata. Daga nan 'yan kasuwa ke sarowa su kawo mana Funtua da Malumfashi da Bakori. Yau ina wannan kasuwar? Ta mutu. Dalilan da yawa, amma babba a ciki shi ne, faifai ɗaya ake saye, a zuba a kwamfuta, a tura wa mutum dubu a waya. Ba ina yi wa fim talla ba ne, kun san matsayina a kan abin da ya saɓa wa tarbiyya a cikinsa. Amma ɓacin wani aiki hujja ce ta ka ƙaurace masa, ba hujja ba ce ta ka kwashe shi kyauta. Wanda ya ce abu haramun ne sannan ya sace shi ya kalla, ya tara biyu.

Masu wannan sana'a da dama sun koma YouTube. Shirin Izzar So ma da ya yi tashe daga 2020, a tashar Bakori TV ake sa shi. Can ɗin ma ba su tsira ba, don ana sakin shiri wasu ke saukewa su sake ɗorawa a tasu tashar su ci kuɗin talla. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ku dubi 'yan uwanmu mata marubuta littattafan Hausa. Da yawansu a waya suke rubutu, su sayar a zaurukan WhatsApp a kan 'yan ɗaruruwan naira. Wata da kuɗin take ciyar da marayu. Mutum ɗaya zai biya, kafin gari ya waye littafin ya zagaye zauruka, har wasu shafuka sun ɗora shi suna tara masu ziyara. Shi ya sa za ka ga marubuciya ta rubuta a saman kowane shafi cewa ba ta yafe wa wanda ya fitar mata ba. Wallahi wannan kalma ba abin wasa ba ce.

Mu ɗaliban ilimi ma ba mu fita ba. Mai tahƙiƙi zai shekara biyar yana bin rubuce-rubucen hannu daga Alƙahira zuwa Istanbul yana gwada su, littafi ya fito a wannan wata, wata mai zuwa an ɗauki hotonsa an watsa a Telegram. Malami a nan gida zai fassara littafi zuwa Hausa, ya ci bashi ya buga, kwali-kwali na nan jibge a ɗaki, alhali littafin yana cikin wayar kowa. Gobe idan aka ce ya sake wani, sai ya ce Allah ya ba da lada. Wa ya yi asara? Mu.

Manomi ya fi kowa gane wannan. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru takan shafe shekaru kafin ta fitar da irin masara ko na auduga guda ɗaya. Wani ya sami buhu mai tambari ya ɗura tsabar da ya auno a kasuwa ya rina ta, ya sayar a matsayin ingantaccen iri. Ya cuci masu irin, ya cuci manomin da zai gane gaskiya bayan damina ta yi nisa. Littafin da aka kwafe ma haka yake, sau da yawa shafi ya ɓace, ko an yanke, ko an cusa abin da mai shi bai faɗa ba.

MAS'ALA TA UKU: YAYA INJIN BINCIKE YAKE AIKI, KUMA ME DOKOKI SUKA CE?

Hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa, don haka mu fahimce shi tukuna.

Google ba shi ne ke ajiye yawancin abin da yake nuna maka ba. Yana da manhajoji da ke yawo a shafukan duniya dare da rana suna rubuta abin da ke ina. Idan ka tambaya, sai ya duba kundinsa ya ce maka je ka wuri kaza. Kamar yaron da ke bakin kasuwar Dandume ne, ka ce masa ina masu waken suya, ya nuna maka layi. YouTube da Facebook kuwa daban suke, don su a rumbunsu kayan yake, su ke nuna shi, su ke sa talla a kai. Wato ɗaya mai nuni ne, ɗaya mai rumfa ne.

A Amurka, inda waɗannan kamfanoni suke, an yi doka a 1998 da ake kira DMCA. Abin da ta tsara a taƙaice: kamfani ba zai ɗauki laifin abin da mutane suka ɗora ba, da sharaɗin idan mai haƙƙi ya kawo ƙorafi a rubuce, kamfanin ya gaggauta cirewa, kuma ya kori mai maimaita laifi. Wanda aka cire wa kaya shi ma yana da damar ya mayar da martani idan yana ganin an zalunce shi. Wannan doka ta ambaci masu nuna hanya irin su Google a fili.

Masu haƙƙi ba su gamsu ba. A 2007 kamfanin Viacom ya maka YouTube a kotu yana neman dala biliyan ɗaya, aka yi ta shari'a har 2014 kafin su sasanta. A shekarar 2007 ɗin YouTube ya fito da tsarin Content ID, mai gane sauti da hoto ya kama kwafi da kansa. A 2012 Google ya sanar cewa shafin da ƙorafi ya yi yawa a kansa za a tura shi baya a sakamakon bincike. Adireshin da aka nemi Google ya cire zuwa yau sun kai biliyoyi. Tarayyar Turai kuma a 2019 ta ƙara matsawa, ta ce manyan dandalin da ke ajiye kayan mutane sai sun yi bakin ƙoƙarinsu wajen neman izini da hana abin da aka cire ya dawo.

A nan gida, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka a watan Maris na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga dokar soja ta 1988. Sabuwar ta shigo da wannan tsari na kai ƙorafi a cire, da dakatar da mai maimaita laifi, ta kuma ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ikon toshe shafin da ke wannan ɓarna. A dokar, littafi yana cikin kariya tsawon rayuwar mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa.

To wannan dokar mutane kenan. Mu ga abin da fiƙihunmu ya ce.

MAS'ALA TA HUƊU: MAI AIKATAWA DA MAI JAWOWA

Malaman fiƙihu sun raba masu ɓarna gida biyu: mubashir, wato wanda ya yi da hannunsa, da mutasabbib, wato wanda ya zama sanadi. Asali idan suka haɗu, wanda ya yi da hannunsa ake fara kamawa. Misalin da ke cikin Mukhtasar na Shaikh Khalil shi ne, wani ya haƙa rijiya inda bai kamata ba, wani kuma ya tura mutum ciki. Wanda ya tura ake gabatarwa. A kan wannan, babban mai laifi a mas'alarmu shi ne wanda ya kwafe ya ɗora. Wannan ba gardama.

Amma shin mai nuni ya fita kenan? A'a. A babin ƙwace, Khalil ya kawo mas'alar wanda ya nuna wa ɓarawo inda dukiya take, ya sa shi cikin waɗanda ba su da lamuni. Sai masu sharhi irin su Shaikh Dardir suka ce abin dogaro a mazhaba shi ne yana da lamuni. Kun ga tun ƙarnoni da suka wuce malamanmu na Malikiyya suka tattauna mas'alar mai nuni, suka rinjayar da cewa ba zai wanke hannunsa ya tafi ba.

Sunna ma ta nuna cewa nuni aiki ne. A Bukhari da Muslim, Abu Ƙatada ya farauto jakin jeji alhali abokan tafiyarsa suna cikin harami shi ba ya ciki. Da aka kai maganar gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kafin ya halatta musu ci sai da ya bincika ko a cikinsu akwai wanda ya umarce shi ko ya yi masa nuni. Da nuni ba komai ba ne, da bai tambaya ba. A Muslim kuma an tabbatar wa mai nuni zuwa alheri lada irin na mai aikatawa. A hadisin Jabir, tsinuwar riba ta haɗa da marubuci da shaidu, alhali ba su ci ko kwabo ba. Suratul Ma'ida aya ta 2 kuwa ita ce uwa a wannan babi, inda aka hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka.

Sai dai a yi adalci. Wanda ya nuna wa ɓarawo dukiya ya san ɓarawo ne. Yaron bakin kasuwa da ya nuna maka layin masu wake bai san buhun wane ne na sata ba. Idan muka ce Google sai ya tantance kowane shafi a duniya kafin ya nuna shi, mun ɗora masa abin da ba zai iya ba, kuma ƙarshenta ƙofar ilimi ce za a rufe wa kowa. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya, kamar yadda ƙarshen Baƙara ya tabbatar.

Ashe kenan alhaki yana tafiya ne da abubuwa uku.

Na ɗaya, sani. Kafin a sanar da mai nuni, yana da uzuri. Da zarar mai kaya ya zo ya ce wancan buhun nawa ne ga shaidata, uzuri ya ƙare. Idan ya ci gaba da kai mutane wurin, ya zama abokin ɓarawo.

Na biyu, iko. Wanda ke da na'urar da za ta gane waƙar mawaƙin Amurka cikin daƙiƙa kaɗan ba zai ce ba shi da dabarar gane kwafin aikin Bahaushe ba. Gwargwadon ikonka, gwargwadon abin da za a tambaye ka.

Na uku, riba. Ƙa'ida ce a fiƙihu cewa mai cin amfanin abu shi ke ɗaukar nauyinsa, asalinta hadisin Nana A'isha a Abu Dawud da Tirmizi. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ke sa talla a kan kayan da aka kwafe yana raba kuɗin da wanda ya kwafe, ba mai nuni ba ne kawai, ya zama dillali mai karɓar la'ada. Shi ya sa nauyin YouTube da Facebook ya fi na injin bincike tsantsa.

MAS'ALA TA BIYAR: WA ZAI YI GADI?

Ga wani hukunci da ya dace da mu mutanen karkara. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna. Sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba nauyin: da rana masu gona su tsare gonarsu, da dare kuwa abin da dabbobi suka ɓata yana kan masu dabbobi. Ku duba hikima. Ba a ɗora wa ɓangare ɗaya duka ba. An duba lokacin da kowa ya fi iya tsarewa, aka ba shi nasa.

Haka mas'alarmu take. Mai littafi shi ya san littafinsa, shi ya san wanda ya ba izini da wanda bai ba ba. Nasa ne ya sa ido ya kai ƙorafi. Kamfani shi ke riƙe da ƙofa. Nasa ne ya sauƙaƙa hanyar ƙorafi, ya amsa da wuri, ya hana abin da aka cire dawowa, ya kori wanda ya maida abin sana'a.

A nan ne nake ganin kamfanonin suka gaza a kanmu. Tsarin nasu an gina shi ne don manyan kamfanoni masu lauyoyi da ma'aikata. Content ID ba kowa ake ba ba. Marubuciyar da ke Ƙafur ko Ƙanƙara, wadda da ƙyar take sayen data, ita ce za ta bi shafi ɗaya bayan ɗaya tana cike takardar ƙorafi mai harshen lauyoyi, ta cire ɗaya goma su tsiro. An bar mata gadin rana da na dare gaba ɗaya. Wanda ya iya karɓar kuɗin talla daga masu kallo Hausawa, ya kamata ya iya sauraron kukan masu haƙƙi Hausawa da harshensu.

Ta ɗaya gefen kuma, cirewa ba bincike ita ma zalunci ce. Shari'a ta ɗora wa mai da'awa kawo hujja. Yana faruwa wani ya ɗora karatun malami a tasharsa, sannan ya kai ƙarar wasu da suka ɗora, alhali shi ma ba nasa ba ne. Wani kuma yana amfani da ƙorafin ƙarya don ya rufe bakin wanda ya yi masa raddi. Ɗauko ɗan yanki na maganar mutum don a yi sharhi ko a karantar ko a yi gyara, tare da ambaton mai ita, wannan malamai suna yinsa tun fil azal, doka ma ta bar ƙofarsa a buɗe.

MAS'ALA TA SHIDA: TO MU FA?

Yana da sauƙi mu zauna a Funtua muna zagin kamfanin da ke Kalifoniya. Amma yawancin kwafin da ke yawo a tsakaninmu bai ma bi ta Google ba. Ta WhatsApp yake bi, da Telegram, da Xender, da katin waya. Saƙon WhatsApp a rufe yake, kamfanin ma ba ya karanta shi. A can babu wani ɗan sanda sai tsoron Allah.

Saboda haka ɗauki ma'aunin nan uku ka auna kanka.

Kai shugaban zaure, kana da sani, kana da iko, don da yatsa ɗaya za ka goge. Idan aka turo littafin sayarwa a zaurenka ka yi shiru, kai ne mai rumfar.

Kai mai tura-tura, sana'arka ba haramun ba ce a kanta. Akwai karatuttuka da wa'azozi da masu su suka saki don Allah, tura su alheri ne, kuma ladan wahalarka halal ne. Amma abin da ka san na sayarwa ne, nemi izini ko ka yi yarjejeniya da masu shi. Kada ka ciyar da iyalinka da gumin wani.

Kai mai neman littafi a zaure kana cewa wa zai taimaka min da shi, tambayi kanka tukuna: na kyauta ne ko na kuɗi? Wanda ya turo maka da kai da ka roƙa, kun yi tarayya.

Kai mai yanka wa'azi, ka ciro minti ɗaya daga karatun awa biyu ka sa masa take mai tada hankali don ka tara mabiya, ka haɗa cin haƙƙi da ƙarya. Malamai irin su Shaikh Ja'afar Mahmud Adam da Shaikh Albani Zariya, Allah ya jiƙansu, ba sa nan balle su ce ba haka muka nufa ba. Amanarsu tana wuyanmu.

Wani zai ce, Malam, talauci fa? Littafin babu shi a kasuwa, ko kuɗinsa ya fi ƙarfina. Wannan magana ce mai nauyi, ba za a yi watsi da ita ba. Ga bayani. Littattafan magabata kansu ba mallakin kowa ba ne, babu wanda zai hana ka Risala ko Ahalari ko Iziyya. Abin da masu shi suka yi waƙafi, kamar tarjamar Alƙur'ani ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi da ake bugawa a Madina ana rabawa kyauta, yaɗa shi lada ne, sayar da shi ne ma laifi. Littafin da ya ƙare a kasuwa, ɗalibi yana buƙatarsa don karatun kansa ba don ciniki ba, wasu malamai sun yi sauƙi a kai gwargwadon buƙata. Amma littafin da mai shi yana raye, ga lambarsa a bango, kuɗinsa bai kai na datar da kake ƙonawa a mako ba, wannan ba lalura ba ce, son banza ne. Sau da yawa ma da za ka tambaye shi, da ya ba ka.

Ku ma masu rubutu da bugawa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku sauƙaƙa farashi, ku kawo littafi inda mutane suke, ku rubuta a fili abin da kuka yarda a yaɗa da wanda ba ku yarda ba. Masu hali kuma, ga wata ƙofar sadaka mai gudana da muka manta: ka je wurin malamin da ya rubuta littafi mai amfani, ka biya shi haƙƙinsa, ka ce a sake shi kyauta ga al'umma. Ka faranta wa malami, ka buɗe wa ɗalibai, ka toshe ƙofar haram. Kuɗin buhun masara kaɗan zai yi wannan.

Wanda kuma ya san ya taɓa cin irin wannan haƙƙi, ƙofar tuba a buɗe take. Ya goge abin da ya ɗora, ya nemi mai shi ya biya ko ya roƙi yafiya. Haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, kuma ranar da za a yi sakayya ba da naira za a yi ba, da lada za a yi.

Wallahu a'alam. Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu daga haƙƙin bayinsa, ya sa albarka a iliminmu da noman da muka yi bana. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu duba in sha Allah. Wannan rubutu kuwa an yarda kowa ya yaɗa shi, a bar shi dai yadda yake.